Amsa: Daga ina sunan "Garden City" ya samo asali?

Malam, ka tambaya ko sunan nan, wato "garin lambu", da masu gina rukunin gidaje ke liƙa wa unguwanninsu yana da tarihi. Yana da shi ƙwarai, kuma tsarin gina gari da ake kira da wannan suna a Ingila ya faro.

Wani Bature, Ebenezer Howard, ne ya fito da tunanin a 1898, lokacin da Landan ta cika maƙil, ga hayaƙin masana'antu, ga haya mai tsada. Ya ce a gina sabon gari mai mutum 32,000 kacal, a kewaye shi da gonaki, in ya cika a je a kafa wani.

Gari na farko shi ne Letchworth, arewa da Landan, a 1903. Barry Parker da Raymond Unwin suka zana shi. Gidaje ba sa wuce 12 a eka guda, kowanne da ɗan lambunsa, aka jera itatuwa a bakin titi, masana'antu kuma aka ware musu gefe kusa da layin dogo. Har shataletalen farko a Birtaniya a can yake, tun 1909. Shekaru da dama ma ba a yarda da gidan giya a garin ba. Gari na biyu, Welwyn, ya biyo baya a 1920.

Abin da ya fi burge ni shi ne batun fili. Kamfani guda ya mallake shi, kuɗin haya kuma a mayar wa garin don amfanin mazauna. Nan ne masu sayar da filaye na yau suke zamewa: sun ɗauki sunan da shuke-shuken, ribar kuwa aljihunsu take shiga.