Amsoshin Tambayoyinku: Mitoci Sun Yi Shiru, da Batun Jabun Waya

Daga Kaduna: Malam, na haɗa mitocin wuta shida da kwamfutar kula da gini ta hanyar Modbus (tsarin da na'urori ke aika wa juna saƙo), amma ko ɗaya bai amsa ba. Maigidana ya ce in ba su yi aiki ba za a cire a kuɗina. Mitocin ne suka lalace?

Kwantar da hankalinka, ƙanena, da wuya mita shida su mutu rana ɗaya. Cire biyar ka bar ɗaya. Shiga saitinsa ka duba baud, wato saurin saƙo, galibi 9600 ne ko 19200, ka daidaita shi da na kwamfuta. Sai Parity, wato hanyar gano kuskure a saƙo, inda aka fi faɗawa rami: ƙa'idar Modbus ta ce Even, amma kamfanoni da yawa suna fito da kayansu a kan None. Kowane mita kuma ya samu adireshinsa tsakanin 1 da 247. Sababbi sukan zo da lamba iri ɗaya, sai su amsa a tare, maganar ta cakuɗe. In har yanzu shiru, juya wayoyin A da B, wato wayoyi biyun da ke ɗauke da saƙon. Kamfanoni ba su haɗu a kan wannan alama ba, juyawar kuma ba ta ƙona komai.

Daga Abuja: In na kai baud 115200, na'urar sanyaya otal za ta fi sanyi?

A'a. Baud saurin saƙo ne, ba ruwansa da sanyi. Ɗaga shi a doguwar waya ɓata saƙo kawai yake yi. In BACnet MS/TP ne, wato wani tsarin sadarwar na'urorin gini kamar Modbus, bar shi a 38400 ko 76800, duk wanda na'urorinka suka yarda da shi.

Daga Kano: Mai shago ya ce wayar intanet ta kwali daidai take da wayar RS-485 (layin da ke haɗa na'urori irin mitoci da kwamfuta), ga kuma araha. In saya?

Wannan arahar ita ce ke cinye ribar masu aikinmu. Da yawa daga kwalayen nan masu sauƙin kuɗi ba jan ƙarfe ba ne, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Ranar miƙa aiki komai lafiya, an biya, an yi hoto. Bayan watanni wayar ta karye a bakin sukurun da ya matse ta, ko ta yi tsatsa da damina, saƙo ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Lokacin an rufe silin, an yi fenti, kai za a kira da tsakar dare, kuma ba mai biyan ka kuɗin mota. Kafin ka biya, kankare bakin wayar da wuƙa. In fari ya fito, ajiye masa kayarsa. Ashana ma tana tona asiri: alminiyom lanƙwashewa yake nan take.

RS-485 na iya kai mita 1200, amma da sharaɗi: waya mai murɗaɗɗen biyu da rigar kariya, irin Belden 9841, a ja ta daga na'ura zuwa na'ura a jere, ba rassa daga wuri ɗaya ba. Resista mai om 120 a farkon layi da ƙarshensa kawai, ba a kowace na'ura ba. Rigar kariyar a haɗa ta da ƙasa a gefe ɗaya. Kuma don Allah a daina cusa ta bututu ɗaya da wayar janareta ko ta inbata don a rage kuɗin bututu. Sunan Belden ɗin ma ana buga shi a kan jabu, saboda haka wuƙarka ta fi rubutun jikin waya gaskiya. Wayar intanet ta ainihin jan ƙarfe takan yi aiki a gajeren layi cikin ɗaki ɗaya, amma ban yarda a zagaye bene da ita ba.

Daga Maraɗi: Wace na'urar USB zuwa RS-485 zan saya?

Don gwaji a tebur, ƙaramar mai guntun lantarki (chip) CH340 a cikinta ta isa. Wadda za ta zauna a gini kuwa, nemi mai keɓe wuta tsakanin layi da kwamfuta, saboda tsawa da sauyin wuta tsakanin janareta da layin gwamnati. Ka yi hattara da masu tambarin FTDI, kamfanin da ke ƙera irin wannan guntun lantarki, a farashin banza: a 2014 kamfanin ya fitar da direba, wato manhajar da kwamfuta ke sarrafa na'urar da ita, wanda ya hana jabun kayansa aiki. Sa mai shago ya jona ta a kwamfutarka a gabanka, ka ga ta samu lambar COM, wato alamar kwamfutar ta gane ta, kafin kuɗi su bar aljihunka.