Auduga da bandeji sun zama dala 340: amsa ga ɗan Jega a Amurka

Wani ƙanenmu ɗan Jega da ke aiki a Columbus, jihar Ohio, ya rubuto mini nan Birnin Kebbi. Ciwon sukari ya buɗe masa gyambo a tafin ƙafa, likita ya kankare mataccen naman, aka aiko masa da kwalin kayan wankin ciwo har gida. Bayan wata guda sai ga takardar neman dala 340, inshorar wurin aikinsa ta ƙi biya. Yana tambaya ko ya biya ya huta, kuma ko inshorar za ta ɗauki nauyin Baba da ke fama da irin wannan ciwo a gida.

Ƙanena, sannu da jiki, Allah ya ba ka lafiya. Kada ka biya ko sisi tukuna.

A nan gida ka san yadda ake yi. Nas ta rubuta a 'yar takarda, yaro ya tsallaka titi zuwa kemis, ya dawo da auduga da filasta a baƙar leda. A can kuwa kowane ƙyalle da lambarsa a tsarin da suke kira HCPCS, kuma lambar inshora take karantawa, ba ƙafarka ba. Ƙaramin ƙyallen rufe ciwo wanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta A6402 ne, irinsa wanda ba a kashe wa ba A6216. Filasta mai hana ruwa shiga A4452, marar hanawa A4450. A gefen lambar ana ƙara A1 zuwa A9 don nuna yawan raunukan da ake rufewa. Ita cutar ma da tata lambar: gyambon ƙafa na sukari nau'i na biyu E11.621 ne, a haɗa da wata daga rukunin L97 mai faɗin wurin da zurfinsa. Ɗaya ta ɓace ko ta saɓa, sai kwamfuta ta watso takardar.

Inda na fi zargi shi ne maganar kankarewar nan. Ƙa'idar Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, wadda kamfanonin inshora da yawa ke bin sawunta, ita ce ana biyan kayan ne idan raunin na tiyata ne ko an kankare shi. Naka an kankare, to amma an rubuta? Raina yana ɓaci idan na ga mutum mai gyambo yana ɗingishi zuwa aikin dare don ya biya abin da layi ɗaya na alƙalamin likita zai ɗauke masa. Ka roƙi ofishin likitan ya aika wa masu kawo kayan bayanin da ya nuna ranar kankarewa, girman ciwon, yawan ruwan da yake fitarwa, da sau nawa ake canza bandeji.

Sannan ka nemi takardar kuɗi mai jera kaya ɗaya bayan ɗaya, ka ajiye ta gefe da takardar EOB da inshora ta aiko, wadda ke ɗauke da dalilin ƙin biyan. Ka bi su da yatsa. Duba kuma ko an caje ka ƙyallen da nas ta naɗa maka a cikin asibiti, domin galibi kuɗinsa yana cikin kuɗin ganin likita. Idan an gyara masu inshorar suka nace a kan ƙin biya, doka ta ba ka kwana 180 daga ranar da aka sanar da kai ka nemi a sake dubawa. Ka yi a rubuce, ka riƙe kwafi.

Batun Baba kuwa, inshorarka ba za ta kai Jega ba, kada ka wahalar da kowa da tara rasit. Ka sa ƙanenka ya je ofishin KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kebbi, ya tambayi yadda za a yi wa Baba rajista da abin da tsarin ya ƙunsa. Kuɗin da kake turowa ka ware na wankin ciwo daban, a hannun mutum ɗaya, kada ya narke cikin cefane. Kuma don Allah ka ja kunnen mutanen gida su daina barbaɗa masa garin magani a ciki. Duk Juma'a a ɗauki hoton ƙafar da rana a turo maka, in ka ga baƙi ko kumburi yana hawa, a kai shi asibiti a ranar.