Amsa ga ƙanenmu mai rubuta fim: a nuna zunubin ko a rufe shi?

Salama, ƙanena, sannu da ƙoƙari. In na fahimce ka daidai, ka rubuta gajeren fim don ƙungiyar matasa, labarin wani mutum da ba ya fashin sujada, har yana cikin mawaƙa, amma a gida dukan matarsa yake yi. Da dattawa suka karanta, sai suka ce ka cire wurin dukan, kuma lallai mutumin ya tuba a gaban jama'a kafin fim ya ƙare. Wani ma ya ce fim gaba ɗayansa kayan duniya ne. Kana tambaya ko ka bi maganarsu, ko ka haƙura da aikin. Na daɗe ina rubuta wasan kwaikwayo a ikkilisiya ina koya wa matasa, daga baya muka shiga ɗaukar gajerun finafinai, don haka bari in gaya maka abin da na gani.

Maganar kayan duniya ba za ta riƙe mu ba. Buɗe Fitowa sura 31, za ka tarar Allah da kansa ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa, don ya yi aikin zinariya da azurfa da tagulla, da yankan duwatsu da sassaƙar itace. Doka ta hana yin gunki a sura 20, a sura 25 kuma Allah ya ce a ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan murfin akwatin alkawari. Macijin tagulla da Musa ya yi a Littafin Ƙidaya 21, umarnin Allah ne. Shi ɗin nan ne sarki Hezekiya ya farfasa a 2 Sarakuna 18, domin mutane sun koma ƙona masa turare. Tagullar ba ta sāke ba, zukatan masu dubanta ne suka karkace.

Amma kada ka rena dattijon da ya faɗi haka, tsoron nasa tsoho ne a cikin ikkilisiya. Tun wajen shekara ta 200 wani malamin ikkilisiya mai suna Tatuliyan ya yi rubutu yana hana masu bi zuwa gidajen kallo na Romawa, kuma yana da dalili, don a can ana yi wa gumaka hidima, ana zubar da jinin mutane don nishaɗi. A daular Rumawa ta gabas an yi rikici a kan zane-zanen Almasihu da tsarkaka a majami'u har sai da majalisar shugabannin ikkilisiya da ta zauna a Nikiya a 787 ta amince da su, bisa hujja irin ta malamin tauhidi Yohanna na Dimashƙu, cewa tun da Kalman, wato Almasihu, ya zama mutum aka gan shi da ido, ana iya zana shi. A 1522 mutane suka shiga fasa siffofi a majami'un Witenbag a Jamus, sai da Martin Luta, jagoran gyaran ikkilisiya, ya dawo ya yi wa'azi ya tsawata musu. A wani ƙauyen Jamus mai suna Oberammergau kuwa, tun 1634 mutanen garin suke wasan kwaikwayon shan wuyar Almasihu, kusan kowace shekara goma. Fim ɗin rayuwar Yesu da aka yi a 1979 bisa Bisharar Luka an juya shi cikin harsuna fiye da dubu, ya shiga wuraren da mai wa'azi bai taɓa takawa ba. Masu bi na ƙwarai sun tsaya a ɓangarorin nan biyu, saboda haka ka yi wa dattijon magana da ladabi.

Inda nake so mu zauna shi ne 2 Sama'ila sura 11 da 12. Duk mai son rubuta labari a matsayin Kirista, ya kamata ya karanta su har ya kusa haddacewa.

Dubi yadda aka ba da labarin. Zinar Dauda da Batsheba ba a ɓoye ta ba, amma aya ɗaya ta ishe ta: ya aika aka kawo ta, ya kwana da ita, ta koma gida. Marubucin bai tsaya yana ba ido abinci ba. Inda ya daɗe shi ne rufa-rufar da ta biyo baya. Da Batsheba ta yi ciki, aka kira mijinta Uriya daga bakin daga, sarki yana tambayarsa lafiyar sojoji kamar abin ya dame shi. An ce ya tafi gida, ya ƙi, ya kwana a ƙofar fada domin 'yan'uwansa suna kwana a fili. An ba shi ruwan inabi har ya bugu, duk da haka bai je ba. Sai aka rubuta wa Yowab, shugaban sojoji, wasiƙa cewa a sa shi inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi, aka kuma danƙa wasiƙar a hannun Uriya kansa. Mutum ya ɗauki takardar mutuwarsa yana tafiya da ita da aminci, bai buɗe ba. Duk cikin surar babu inda marubucin ya tsayar da labari ya ce jama'a, kun ga illar zina. Sai a layi na ƙarshe ya ce abin da Dauda ya yi mugu ne a gaban Ubangiji. Kafin ka kai wurin, zuciyarka ta riga ta yanke hukunci.

Sa'an nan Natan ya zo. Annabi ne, yana da ikon ya shiga ya karanta wa sarki doka, kuma Dauda ya san dokar sarai. Amma da labari ya zo: mai arziki yana da garkuna, matalauci yana da 'yar tunkiya guda wadda ta girma tare da 'ya'yansa, tana sha a ƙoƙonsa, tana kwana a ƙirjinsa kamar 'yarsa. Baƙo ya zo wa mai arziki, ya ƙyale nasa ya kama ta matalaucin ya yanka. Dauda ya husata ya ce mutumin ya cancanci mutuwa, zai biya riɓi huɗu. A nan ne Natan ya ce masa, kai ne mutumin. Da Natan ya fara da sunan Batsheba, da sarki ya shiga kāre kansa. Labarin ne ya sa ya ajiye garkuwa, ya ji zafin zalunci a jikin wani, ya ɗaure kansa da bakinsa. A ganina aikin fim na Kirista ke nan. Mutumin da ke dukan matarsa ya ji wa'azi a kan Afisawa 5, inda aka ce maza su ƙaunaci matansu, sau da yawa, yana gyaɗa kai, har amin yana cewa. Abin da bai taɓa gani ba shi ne fuskar kansa daga wurin da matarsa take tsaye.

To, game da wurin dukan, dattawan suna da rabin gaskiya, kuma rabin nan zai gyara maka fim. Mun taɓa yin wasa a kan uba mashayi. A gwaji, yaron da ke fitowa a uban yana tangaɗi yana surutu, kowa sai dariya, na ga in aka bar shi haka jama'a za su tafi gida suna kwaikwayon maye suna raha. Sai muka fitar da uban daga idon jama'a gaba ɗaya a wannan wurin. Abin da aka gani shi ne yarinya tana aikin makaranta, ta ji takun ƙafa a waje, ta tsaya da rubutu, ta rufe littafi a hankali, ta ja ƙaninta suka kwanta suka yi kamar barci, idonta a buɗe. Ɗakin ya yi tsit. Bayan an tashi wani magidanci ya tsaya har kowa ya fita, ya tambaye ni wa ya ba mu labarin gidansa. Ba wanda ya ba mu. Kai ma ba ka bukatar kyamara ta tsaya a kan mari. Nuna matar da safe tana gyara ɗankwali don ya rufe gefen ido, tana amsa gaisuwar mata a ƙofar majami'a da "lafiya lau", mijin kuma yana can gaba yana rera waƙa da murya mai daɗi. Wannan ya fi duka ciwo, yara ma za su iya kallo, kuma ba ka sa 'yar wasanka ta yi abin da lamirinta ba zai ɗauka ba.

Abin da ba zan ba ka shawarar ka bari ba shi ne gaskiyar mutumin. Kada ka mai da shi dodo mai jan ido. In ka yi haka, duk mai irin halinsa zai ce ni ban kai wannan ba, ya tafi da kwanciyar rai. Ka bar shi yana wasa da ɗansa, yana taimakon maƙwabci, yana addu'a da hawaye, yana kuma da dalilan da yake gaya wa kansa. Mutane suna yawan kawo Filibiyawa 4:8 don a hana nuna mugunta, amma abu na farko a jerin Bulus shi ne duk abin da yake na gaskiya. Littafin da ya ba mu labarin Kayinu, da Lutu, da abin da aka yi wa Tamar, da ƙarshen Littafin Mahukunta, bai yi mana alkawarin labarai masu santsi ba.

Sai maganar tuba a ƙarshe, wadda ta fi damuna. Na gaji da irin ƙarshen da kowa ya sani tun fim bai yi nisa ba: mugu ya kwanta ciwo, fasto ya zo ya yi addu'a, ya yi kuka, kowa ya rungumi kowa, a sa waƙa. Allah yana juya zukata, na gani da idona, ba na musun wannan ko kaɗan. Amma in tuba ta zo domin lokacin fim ya ƙare, mai kallo yana ganewa, matar da take cikin wannan hali kuwa ta fi kowa ganewa, don ta ji "na tuba" sau da yawa kafin a sāke dukanta. In muka nuna mata cewa kuka ɗaya a gaban jama'a ya share komai, mun ƙara mata nauyi.

Yesu kansa bai rufe labaransa haka ba. A Luka 15 labarin ɗan da ya ɓata ya ƙare da wan yana tsaye a waje cikin fushi, uban yana lallashinsa, ba a gaya mana ko ya shiga ba. Farisiyawan da ke gunaguni a farkon surar su ne za su ba da amsar. A Luka 10, bayan labarin Basamariyen, tambaya Yesu ya jefa wa masanin Attaura. Saurayi mai arziki a Markus 10 ya tafi da baƙin ciki, Yesu yana ƙaunarsa, bai kuwa bi shi ya sassauta maganar ba. Littafin Yunusa da tambaya ya ƙare, Zabura 88 kuma da duhu. Don haka ƙarshen da bai kulle ba yana da gurbi a cikin Littafi Mai Tsarki.

Amma ka bincika naka da kyau, don akwai bambanci tsakanin barin ƙofa a buɗe da barin mutane cikin rashin bege. Ka ce fim ɗinka ya ƙare mutumin yana zaune shi kaɗai. Shin akwai wanda ya zo masa kamar yadda Natan ya zo? Akwai wanda ya tsaya wa matar, ya ba ta wurin kwana, ya gaskata maganarta? In babu, to ikkilisiyar da ke cikin fim ɗinka ba ta da aiki sai waƙa, kuma alheri bai sami ƙafar shiga labarin ba. Ni da zan sa wani dattijo cikin mawaƙan ya same shi a keɓe ya gaya masa abin da ya sani, ba da doguwar huɗuba ba, jimla biyu ko uku irin na mutumin da maganar take yi masa nauyi a baki. Daga nan ka yanke. Ko ya tuba ko bai tuba ba, ka bar wa wanda ke zaune a kujera.

Da wannan gyaran za ka koma wurin dattawa. Kada ka aika musu da saƙo, ka je da kanka, ka roƙi Baba Fasto ya ba ka lokaci ku karanta surorin nan biyu na Sama'ila tare, sa'an nan ka nuna musu sabon rubutun. Ka gaya musu ka ji maganarsu a kan dukan, ka kuma bayyana dalilinka a kan ƙarshen. In bayan haka suka ce ba a majami'a ba, ka girmama su, su ne za su ba da lissafin garken. Rubutunka bai mutu ba, akwai wasu wuraren nunawa. Kafin ɗauka kuma ka sa 'yan wasa su karanta maganganun da ƙarfi, duk layin da ba wanda zai faɗa a gidansa ka soke shi. Ka kula da sauti fiye da hoto, mutane suna haƙuri da hoto mai duhu amma ba sa haƙuri da maganar da ba sa ji.

Abu ɗaya kuma da ya kamata ku shirya tun kafin ranar nunawa: ka nemi mata biyu dattijai masu riƙe asiri da namiji ɗaya natsattse, su tsaya bayan an tashi, a wurin da mutum zai iya zuwa ba tare da idon jama'a ba. Ku san tun da wuri inda za ku kai mace in ta ce tana tsoron komawa gida a daren, da wanda za ku kira in rayuwarta tana cikin haɗari. In ka gama gyaran shafukan ƙarshe, turo mini, ina so in ga abin da ka sa a bakin dattijon nan.