Ƙanena yana shan tramol, mu kulle shi a ɗaki?

'Yar'uwa daga Gusau, kin ce ƙanenki ɗan kabu-kabu ne, ya fara shan tramol wai don kada ya ji gajiya, kina tambaya ko ku kulle shi a ɗaki har ya daina.

Don Allah kada ku kulle shi. Tramol dangin kodin ne, jiki yana sabawa da shi. Wanda ya yanke shi rana ɗaya, sai gumi da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso masa, ana buɗe ƙofa ya koma ruwa. Idan kuma ya sha da yawa, yana jawo farfaɗiya. Na taɓa ganin wani yaro ya zube daga kan babur da fasinja a bayansa, baki na kumfa, jama'a na ta cewa aljanu ne. Ina aljani, ƙwaya ce.

Ku lallaɓa shi zuwa babban asibiti ya ga likitan ƙwaƙwalwa, a riƙa rage masa a hankali. Hukumar NDLEA, mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, ita ma ba kame kaɗai take yi ba, tana ba masu shaye-shaye shawara. Gidan mari kuwa, ni dai ban yarda da shi ba. Sannan ku lura da abokan da yake zama da su a bakin tasha, galibi a nan ake miƙa masa.