Ɗalibaina na SS2 ba sa iya rubuta ra'ayinsu, ya zan yi?

Malama, kin ce yaran suna karanta littafin adabi amma in kika ce su rubuta abin da suka ji a ransu sai su kwafo miki labarin daga farko har ƙarshe. Nima na sha fama da wannan.

Gaskiya ba laifinsu bane, tun firamare an saba musu da hadda. Abin da ya min aiki shi ne na daina cewa "rubuta ra'ayinka", tambayar tayi musu faɗi. Sai in ɗauko wuri ɗaya tak a labarin, misali inda uba ya yi wa 'yarsa auren dole, ince da kai ne yayanta me za ka ce wa Baba? Mu yi muhawara minti goma da baki, aji ya kaure da surutu, sannan kowa ya rubuta layi biyar. Wallahi har 'yan bencin baya sai kiga suna rubutu.

Kar ki cika musu takarda da jan biro a karon farko, in yaro ya ga ja ko'ina shikenan ya rufe bakinsa. Gyaran ƙa'idojin rubutu ya biyo baya. Kuma kar ki karanta na wani a gaban aji sai da izininsa.

Maganar WAEC da NECO kuwa ki zauna da shugaban sashenku ku duba manhaja, salon amsar jarrabawa daban ne. In kuma wata ta rubuta abin da ke nuna ana cutar da ita a gida, ki kai maganar wurin malamar ba da shawara a asirce, kar ki riƙe ke kaɗai.