Sanda, dala da wa'azi

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗan lise ne, wato babbar sakandare, nan Tawa, jiya a fada muna shan shayi gardama ta kaure kan shugabannin Amurka ukku, Roosevelt da Taft da Wilson, yadda suka bi da ƙasashen waje, wani abokina ya ce duk kanwar ja ce, malamin tarihinmu ko ya ce kowa da tashi hanya. Wa ke da gaskiya don Allah?

Amsa: To ƙanena, a baki dai malaminku ya fi gaskiya. Tun yaƙin 1898 da Amurka ta amshe Filifin da Guwam daga hannun Sifen kwaɗayi ya shige ta, abin da ya rage kawai ta wace hanya za a ci.

Theodore Roosevelt, 1901 zuwa 1909, shi ne mai sanda. Maganarsa ita ce ka yi zance a hankali amma da ƙatuwar sanda a hannu, har cewa ya yi wai karin maganar Afirka ta Yamma ce. Ka dubi makiyayi ran kasuwar dabbobi, sanda gicciye a kafaɗa, bai daki kowa ba amma shanu sun san tana nan. Da Kolombiya ta ƙi yarda a haƙa mashigin ruwa a Fanama, wadda lokacin yankinta ce, a 1903 Fanama ta ɓalle, jiragen yaƙin Amurka na tsaye bakin teku sun hana a murƙushe tawayen, 1914 aka buɗe mashigin.

Taft shi kuɗi ya sa gaba, diflomasiyyar dala, ba dalarmu ta sayen alawa ba fa. Bankunan Amurka su ba ƙasa bashi sannan a riƙe kuɗin kwastan ɗinta, amma duk da haka a 1912 sai da ya tura soja Nikaraguwa.

Wilson ne ke ba ni dariya wallahi. Ya hau a 1913 da wa'azin adalci da dimokuraɗiyya, wai ba ruwansa da gwamnatin da ta zo da jini, kuma shi ɗin ne ya kai soja Berakuruz ta Meziko a 1914, Haiti 1915, Jamhuriyar Dominika 1916. A Disamban 1914 ma sojan ruwa suka shiga bankin ƙasa na Haiti suka kwashi zinariya ta dala 500,000 zuwa New York. Sojan da ya sauke a Haiti kuwa ba su fita ba sai 1934, shi ya rasu da shekara goma. Ran jarrabawa ka rubuta na malam, amma shayin gobe abokinka za a fara zuba wa.