Wa zan ba aikin saka esi da hita a gidana?

Tambaya: Salam injiniya. Na gama gini ina so a saka min esi da na'urar ɗumama ɗaki, mutum uku sun ba ni farashi kowa da nasa, ɗaya ma ta waya ya yanke min kuɗin. Ya zan gane wanda ya san aikin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya sanya alheri a gidan. Wancan na waya dai fara ajiye shi gefe. Mutum bai taka gidanka ba, bai auna ɗaki ba, bai ga yawan tagogi da inda rana ke bugawa ba, bai san ko akwai silin ko mutum nawa ke kwana a ciki ba, to da me ya yi lissafin? Ƙarfin esi da BTU ake auna shi, wato ma'aunin zafin da yake cirewa daga ɗaki, esin da ake cewa mai tan ɗaya BTU 12,000 ne a awa, kuma lissafin ɗakin ne ke nuna wanda ya dace. Mutane na ɗauka babba ya fi, gaskiya ba haka ba ne, in ya yi wa ɗaki girma sai ya riƙa kunnawa yana kashewa kafin ya janye laimar iska, ɗaki ya yi sanyi amma jiki na danƙo, ga shan wuta ga kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin sanyaya a cikin esi, na wahala. In kuma ya yi ƙarami haka zai wuni yana aiki ba sanyin kirki.

Sauran biyun ka ce su nuna maka lasisi ko takardar shaidar koyon aiki irin wadda dokar inda kake ta tanada, da inshora, da gidajen da suka yi wa aiki shekara ɗaya ko biyu baya, ba na makon jiya ba. Sannan ka yi musu tambaya ɗaya: bayan haɗa bututu me za ku yi kafin ku saki gas? Wanda ya iya zai ce zai gwada yoyo da naitirojin sannan ya sa famfo ya zuƙe iska da danshin da ke ciki. Masu gaggawa nan suke tsallakewa, kuma danshin nan shi ke cin kwamfireso a hankali. Ka kuma tambayi wane gas ne, R22 ana kan daina shi a duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar kare muhalli ta Montreal ta 1987, sabbin na'urori da yawa R410A ko R32 suke ɗauka kuma ba a gauraya su. Af, gas ɗin esi ba ya ƙarewa kamar fetur fa, duk wanda ya ce maka kullum sai an ƙara, yoyo ne bai nemo ba.

Ɓangaren hita kuwa, in mai ƙona gas ko mai ce, nan batun rai ne, don hayaƙin kabon monoksaid ba ya wari ba ya da launi. Dole mai aikin ya duba mafitar hayaƙi kuma a saka na'urar gargaɗi kusa da ɗakin kwana.

Komai a rubuce, sunan na'ura da lambarta, tsawon bututu, ranar gamawa, garantin kamfani daban garantin aikin hannunsa daban. Ka ba da kafin alƙalami kawai, cikon sai an kunna a gabanka ka ji sanyi ka ga ruwa na fita waje ba ya bin bango.